Natchez: Gidajen Iyayengiji Sun Tsaya, Kasuwar Bayi Ta Koma Fili

A gefen garin Natchez, cikin jihar Misisipi ta Amurka, akwai wani gida da aka fara ginawa wajen 1860 wanda har yau ba a gama shi ba, kuma ba za a gama ba. Sunansa Longwood. Daga waje ba za ka ce akwai abin da ya rage ba. Jan bulo ne hawa shida, kusurwa takwas, da wata ƙatuwar kubba a ka, wadda in Bahaushe ya hango ta daga nesa zai rantse masallacin Juma'a ne. Sai an hau matakala an wuce hawan ƙasa ake ganin gaskiyar lamarin: tsirarar katako, bulo babu yaɓe, gwangwanayen fenti da kayan aikin kafintoci na nan inda aka watsar da su shekara 160 da wani abu.

Mai gidan, Haller Nutt, attajirin auduga ne. Daga birnin Philadelphia ya ɗauko mai zanen gini, Samuel Sloan, tare da ƙwararrun magina. Da yaƙin basasar Amurka ya ɓarke a 1861, maginan nan 'yan jihohin arewa suka ajiye kayan aiki suka kama hanyar gida. Ɗakuna 32 aka tsara, tara kaɗai aka ƙarasa, duk a hawan ƙasa. Nutt ya mutu a 1864, dukiyarsa ta riga shi tafiya. Iyalinsa da jikokinsa suka ci gaba da zama a hawan ƙasan nan kusan shekara ɗari, da fankon gida hawa biyar a bisa kansu. A 1970 aka ba wata ƙungiyar mata ta garin kyautar gidan, da sharaɗin kada a ƙarasa shi.

Kowa ya je Natchez zai ji sunan Nutt da na Sloan. Bulon da aka yi wannan gini da shi kuwa bayi ne suka kwaɓa shi, suka ƙona shi a nan filin gidan, kuma shekaru da dama mai yi wa baƙi jagora zai iya zagaya gidan kaf bai ambace su ba. Rigimar gine-ginen tarihi ta wannan gari ke nan a ƙulle cikin gida ɗaya.

Natchez ƙaramin gari ne a kan wani tudu mai tsayin kusan mita 60 a gaɓar kogin Misisipi. Ƙidayar 2020 ta samu mutum 14,500 da 'yan kai, alhali a 1960 sun haura 23,000. Wajen kashi 60 cikin 100 baƙaƙen fata ne. Faransawa suka fara kafa sansanin soja a wurin a 1716, a ƙasar wata ƙabilar 'yan asalin yankin mai suna Natchez. A 1729 ƙabilar ta yi musu bore, Faransawa suka rama har suka tarwatsa ta, sunan ya tsaya wa garin. Daga nan Ingila ta karɓa, Sifaniya ta karɓe, a 1798 ya zama na Amurka.

Abin da ya hana su rushewa

Auduga ta gina garin. Ƙidayar 1860 ta nuna bayi sama da 14,000 a gundumar Adams, inda Natchez yake, fararen fata kuwa ba su kai 6,000 ba. Ana yawan cewa a lokacin babu garin da ya kai shi yawan miloniyoyi in aka auna da yawan jama'a. Akwai kuma wani abu da baƙo ba ya lura da shi sai an nuna masa: yawancin manyan gidajen nan ba a cikin gona suke ba. Rinjin yana can nesa, da yawa ma a ƙetaren kogi, a fadamun jihar Luwiziyana, inda zazzaɓi da sauro suke. Ubangida ya bar wakili a can yana kora bayi, shi ya zo tudu mai iska ya gina gidan hutu da nuna isa. Don haka mai ziyara yau yana ganin inda aka ci ribar ne, inda aka zubar da gumin ba ya cikin tikitinsa.

Yaƙin basasa ya ƙone garuruwa da yawa a kudu, bai ƙone wannan ba. Da yawa daga attajiran Natchez ba su so ɓallewa daga tarayya ba tun farko, don harkarsu a ɗaure take da bankuna da masaƙun arewa. Nutt kansa mai goyon bayan tarayya ne. Garin ya miƙa wuya ga jiragen ruwan tarayya a 1862 ba tare da faɗa ba, kuma bayan faɗuwar Vicksburg, wani gari a gaɓar kogin arewa da Natchez, a Yulin 1863 sojoji suka shigo suka zauna. Gidan da ake kira Rosalie, wanda aka gina a farkon shekarun 1820 a bakin tudu, shi suka mayar hedikwata. Suka tara kayan ɗakin uwargida wuri guda, suka kulle.

Abu na biyu da ya tsare gidajen shi ne talauci. Bauta ta ƙare, dukiyar da aka lissafa da kawunan mutane ta bi iska. Jirgin ƙasa ya rage wa kogi daraja. Wajen 1908 ƙwaron auduga ya iso ya cinye abin da ya rage. A garuruwan da kuɗi suka shigo, an rushe tsofaffin gidaje an yi bankuna da kantuna. A Natchez babu mai kuɗin rushewa, babu mai kuɗin sake fasali. Jikokin attajirai suka zauna cikin ɗakuna masu madubin Faransa da labulen kakanninsu, suna tara bokiti a ƙarƙashin yoyo. Ba don son tarihi suka bar kujerun nan a inda suke ba, rashin na sayen wasu ne.

Matan da suka buɗe ƙofa

A bazarar 1931, ana tsakiyar karayar tattalin arzikin duniya, ƙungiyoyin mata masu sha'awar lambun furanni na jihar Misisipi suka shirya taronsu na shekara a Natchez. Ana gab da taron sai wani sanyi na makara ya sauko ya ƙone furannin. Baƙi na hanya, babu abin nunawa. Shugabar ƙungiyar garin, Katherine Grafton Miller, ta lallashi 'yan uwanta su buɗe gidajensu a maimakon lambu. Wasu suka ƙi da farko, don kunyar a ga bangon da ya ɓaɓɓake da labulen da ya yage. Baƙin kuwa abin da ya burge su ke nan.

Shekara ta zagayo, a 1932 aka mayar da abin sana'a. Suka raɗa masa suna Pilgrimage, kalmar da Turawa ke kiran aikin hajji ko ziyarar ibada da ita, abin da ya isa ya nuna maka yadda suka ɗauki gidajen. Bari mu ce masa Ziyara. Katherine Miller ta riƙa yawo jiha-jiha da hotuna tana tallar garin a matsayin inda tsohuwar Kudu ke nan da ranta. Matan gida suka shiga tufafin kakanninsu, buje mai faɗi kamar an kifa akurki, suka tsaya bakin ƙofa suna karɓar kuɗin shiga. Mazajensu da suka yi ta dariya da farko suka yi shiru da suka ga lissafi.

A nan dole a ba su haƙƙinsu. Babu gwamnatin da ta sa hannu, babu attajirin waje da ya kawo tallafi. Matan da ba su da ofis ba su da albashi suka ƙirƙiro wa gari hanyar cin abinci da ta ɗauke shi shekara casa'in, kuma da kuɗin tikiti aka sake rufi, aka kori gara, aka saye gidajen da suka kusa faɗuwa. Da kuɗi suka fara yawa kuma rigima ta tashi kan rabo. A tsakiyar shekarun 1930 ƙungiyar ta dare biyu, masu manyan gidaje suka ɓalle suka kafa Pilgrimage Garden Club, aka bar Natchez Garden Club, har ta kai su gaban alƙali. Daga baya suka shirya, amma ƙungiya biyu ce har yau. Pilgrimage Garden Club ce ke riƙe da Longwood da kuma Stanton Hall, gidan wani dillalin auduga ɗan asalin Ayalan, Frederick Stanton, wanda ya cinye unguwa guda ya gina shi a ƙarshen shekarun 1850, ya shiga, bai cika shekara a ciki ba ya mutu.

Matsalar tana cikin labarin da aka sayar tare da tikitin. A wancan zamani, da dare akan yi wani wasan nuna al'ada a babban ɗakin taro na gari, wanda shekaru da yawa sunansa ma na 'yan tawayen Kudu ne. Samari cikin kakin sojan tawaye, 'yan mata na rawa, a naɗa sarki da sarauniyar shekara daga 'ya'yan manyan gida. Da rana a cikin gidajen, masu jagora suna bayanin inda aka sayo fitila da farantan tangaran. In maganar waɗanda suka share ɗakin ta taso, sai a ce “masu hidima”. Kalmar bawa ba ta fita. Hausawa na cewa kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba, kuma lallai fararen Natchez na 1932 ba su ji daɗin banarsu ba. Sai dai barar da suke tunawa, ga fiye da rabin mutanen garin, ita ce shekarar da aka sayar da kakarsu.

Mararraba

Kimanin mil ɗaya gabas da tsakiyar gari, inda titin Liberty ya haɗu da titin St. Catherine, akwai wurin da suke kira Forks of the Road, wato Mararraba. Daga 1833 zuwa 1863 nan ce kasuwar bayi ta biyu mafi girma a can ƙuryar kudancin Amurka, bayan ta New Orleans.

Yadda aka yi ta koma can ma abin ji ne. Tun 1808 Amurka ta hana shigo da bayi daga Afirka, sai fataucin ya koma na cikin gida. Gonakin taba na Bajiniya da Maryland sun gaji, gonakin auduga na Misisipi na neman hannu. Kamfanin Isaac Franklin da John Armfield, mai hedikwata a Alexandria kusa da Washinton, shi ne babba a wannan harka, yana tura mutum sama da dubu a shekara. Wasu ta jirgin ruwa, wasu a ƙasa. Ayarin ƙasa yakan tashi da rani, maza a ɗaure da sarƙa biyu-biyu, mata da yara na biye, tafiyar mil kusan dubu ta jihar Tennessee har a gangaro Natchez. A 1833, ana fargabar kwalara, aka tsinci gawarwakin bayi da aka jefar a wani kwazazzabo, zargi ya faɗa kan Franklin. Hukumar gari ta hana fataken bayi ajiye hajarsu a cikin gari. Ba cinikin aka hana ba, wari da cuta aka kora. Sai fataken suka matsa daidai bayan iyakar gari suka kafa rumfuna.

Ba gwanjo ake yi a Mararraba ba. Ciniki ne irin na kanti. A yi wa mutum wanka, a sa masa sabbin kaya, a jera su bisa tsawo, mai saye ya zo ya duba haƙori da bayansa, ya taya, a yi albarka ko a sallama. Da sojojin tarayya suka shigo a 1863 cinikin ya mutu. A wannan shekarar aka sa baƙaƙen sojoji, waɗanda wasunsu a nan aka taɓa sayar da su, suka rushe rumfunan, aka kwashe katakon aka kai aikin sansanin soja a cikin gari.

Don haka babu ginin da za a adana. Gari ya bunƙasa ya haɗiye wurin, aka yi tituna da ƙananan shaguna da wuraren gyaran mota a kai. Motocin masu Ziyara sun shekara sittin suna bi ta mararrabar nan zuwa manyan gidaje, ba wanda ya ce direba ya tsaya.

Wanda ya tayar da maganar ya kuma ƙi sakinta wani ɗan garin ne, Clifford Boxley, wanda ya ƙara wa kansa suna Ser Seshsh Ab Heter. Ya bar Natchez yana saurayi, ya yi shekara 35 a Kalifoniya, ya dawo a 1995. Ba shi da ƙungiya mai asusu, ba shi da gida mai ginshiƙai. Ya riƙa bin tsofaffin jaridu yana tattara tallace-tallacen fataken bayi, yana tsayawa a wurin yana yi wa duk wanda ya tsaya bayani, yana damun 'yan majalisar gari da na jiha da na tarayya. Mutane da yawa, har da wasu baƙaƙen fata da suka ga tonon asiri ne marar amfani, sun ɗauke shi fitinanne. Sannu a hankali aka samu 'yar kusurwar fili, aka kafa alluna, aka binne sarƙoƙi da mari cikin siminti, rabinsu a waje, yadda mai wucewa zai gani.

Yarima

Akwai dalilin da ya sa wannan gari ba baƙo ba ne gare mu gaba ɗaya. A 1788, lokacin Sifaniyawa na riƙe da shi, aka sauke wani Bafulatani a tashar jirgin ruwa da ke ƙarƙashin tudun Natchez. Sunansa Abdurrahman, ɗan Almami Ibrahima Sori na Futa Jalo, a ƙasar Gini ta yau. Ya yi karatun Alƙur'ani, yana rubuta Larabci, shugaban mayaƙa ne aka kama shi a fagen daga aka sayar. Wani manomi mai suna Thomas Foster ya saye shi. Da ya yi ƙoƙarin bayyana ko shi wane ne, sai suka laƙaba masa Prince, wato Yarima, cikin ba'a, sunan ya bi shi shekara arba'in.

A 1807 ya kai dankalin gayaunarsa kasuwa, sai ya yi kiciɓis da wani likita ɗan Ayalan, John Cox, wanda shekaru da suka wuce ya ɓace a Futa Jalo, ya kwanta ciwo, mahaifin Abdurrahman ya sauke shi a Timbo, babban birnin Futa Jalo, ya yi jinyarsa. Cox ya gane shi. Ya nemi ya fanshe shi, Foster ya ƙi, har Cox ya mutu. Sai a 1826 wani ɗan jarida na garin, Andrew Marschalk, ya taimaka aka aika wasiƙar da ya rubuta da Larabci, ta bi ta Washinton ta isa Maroko. Gwamnatin Shugaba John Quincy Adams, wadda ta zaci Balarabe ne ɗan Maroko, ta sa baki. Foster ya sake shi a 1828 da sharaɗin ya bar ƙasar. Mutanen gari suka haɗa dala 200 aka fanshi matarsa Isabella. 'Ya'yansu tara da jikoki suna hannun Foster. Tsohon ya zagaya biranen arewa yana neman kuɗin fansarsu, abin da ya tara bai kai ba. Ya isa Monrovia a Laberiya a 1829, zazzaɓi ya kama shi, ya rasu a Yulin wannan shekarar bai ga Timbo ba. An fanshi wasu daga zuriyar daga baya aka kai su Laberiya, sauran suka ƙare cikin bauta a Misisipi.

Shekara arba'in a wuri ɗaya, shugaban ƙasa da sarkin Maroko sun san da zamansa, amma babu wani ɗaki a cikin jerin gidajen Ziyara da za a nuna maka a ce nan ya kwana.

Wanzami, ɗakin taro, gidan rawa

A 1988 majalisar dokokin Amurka ta kafa dandalin tarihi na ƙasa a Natchez, ƙarƙashin hukumar tarayya mai kula da wuraren tarihi da gandun daji. Shigowarta ta canja salon magana, don ma'aikacin gwamnati ba jikan mai gida ba ne, ba kakarsa yake karewa ba. Hukumar ta karɓi Melrose, gidan wani lauya na shekarun 1840, wanda ɗakunan bayinsa ke nan tsaye a bayan gida, ta sa su cikin zagaye. Ta kuma karɓi wani gidan bulo a titin State, gidan William Johnson.

Johnson shi ke hana labarin ya zama mai sauƙi. An haife shi bawa a 1809, aka 'yanta shi yana ɗan shekara 11, ya koyi wanzanci, ya buɗe shagunan aski inda manyan fararen gari ke zuwa, har yana ba su rance da ruwa. Ya gina gidansa da bulon gine-ginen da guguwar 1840 ta rusa. Daga 1835 har mutuwarsa yana rubuta abin da ya faru kullum: wa ya doki wa a titi, dokin wa ya ci sukuwa, nawa aka samu a shago. An gano littattafan a saman rufin gidan a shekarun 1930. A ciki kuma akwai yadda yake bulale bayinsa, don baƙin mutumin nan da aka 'yanta ya mutu yana da bayi goma sha wani abu. A 1851 wani maƙwabcinsa, Baylor Winn, ya harbe shi kan rikicin iyakar gona. Shaidun duk baƙaƙe ne, doka kuma ta hana baƙi ya ba da shaida a kan fari. Shari'ar ta koma muhawara kan ko Winn fari ne ko yana da jinin baƙi. Ba a iya tabbatarwa ba, aka sake shi. Ni a ganina wannan ɗan gidan ya fi Stanton Hall koyar da yadda garin yake, sai dai ba shi da fitilun da ake ɗauka hoto.

Sai babban ɗakin taro na gari, wanda aka riƙa rawar Ziyara a cikinsa. A farkon Oktoban 1965, makonni kaɗan bayan an dasa bam a motar George Metcalfe, shugaban reshen garin na NAACP, ƙungiyar kare haƙƙin baƙaƙen fata, baƙaƙen fata suka fito daga coci-coci za su yi maci. Aka kama ɗaruruwa, aka tara su a wannan ɗakin taron. Sama da 150 aka zuba a motoci aka kai kurkukun Parchman, tafiyar mil 200, aka tuɓe su cikin sanyi, aka ɗura musu maganin zawo.  A 2015 hukumar gari ta nemi gafara a hukumance, a 2019 aka kafa dutse mai ɗauke da sunayensu a harabar ɗakin. Ginin bai canja ba, amma yanzu mai shiga ɗakin sai ya wuce ta gaban sunayen.

Ragowar wuraren baƙaƙen gari sun fi dogara da mutum ɗaya ko coci ɗaya. Cocin Zion Chapel na nan, inda Hiram Revels ya yi limanci kafin ya zama baƙi na farko a majalisar dattawan Amurka a 1870. Tsohon gidan waya na babban titi ya zama gidan tarihin baƙaƙen fata tun farkon shekarun 1990. A titin St. Catherine kuma akwai inda gidan rawa na Rhythm Club ya ƙone a daren 23 ga Afrilu, 1940. Ginin kwano ne, an toshe tagoginsa da katako don hana 'yan leƙe, an ƙawata rufin da busasshiyar ciyawar nan mai reto daga bishiya kamar gemun tsoho, aka fesa mata maganin ƙwari mai kananzir. Ƙofa ɗaya ce. Mutum 209 suka mutu, har da shugaban makaɗan da ya zo daga Shikago, Walter Barnes, da yawancin yaransa. Da wuya a samu gidan baƙin mutum a garin da bai yi makoki ba. Sai a 2010 wani mutum da matarsa suka buɗe ɗan ƙaramin gidan tarihi a daidai wurin da kuɗin aljihunsu.

Wa zai biya kuɗin rufi

Duk wannan muhawarar ana yin ta ne a garin da ke raguwa. Masana'antar taya ta rufe a 2001, ta takarda ta International Paper ta bi ta a 2003, ayyuka masu albashi suka tafi, matasa suka bi su. Otal ɗin Eola na tsakiyar gari, mai hawa bakwai, wanda aka gina a 1927, an kulle shi a 2014. Gida mai ginshiƙai kuma ba ya jin an rufe masana'anta. Iskar Misisipi mai laima tana ruɓar da katako, gara na ci daga ƙasa, fenti na so a sabunta shi a kai a kai. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma a nan yoyo ɗaya na iya cin abin da aka tara daga baƙin shekara guda.

Mutane da yawa suna zaton in gwamnatin Amurka ta sa gini cikin rajistar wuraren tarihi, wadda dokar 1966 ta kafa, to ta ɗauki nauyinsa. Ba haka ba ne. Rajistar ba ta biyan kuɗin gyara, ba ta ma hana mai gida rushe abinsa. Abin da take buɗewa shi ne rangwamen haraji: kashi 20 cikin 100 na kuɗin gyara daga tarayya, in ginin na kawo kuɗi ne kamar masauki ko kanti, da wani kashi 25 daga jihar Misisipi. Wanda ke da kuɗin fara gyaran shi ke amfana. Haƙoran suna cikin dokar gari, kuma Natchez na cikin garuruwan farko a Amurka da suka yi irin wannan doka, tun farkon shekarun 1950. Gidauniyar Historic Natchez Foundation, wadda aka kafa a 1974, ita ke bin gine-gine tana shigar da su rajista, tana sayen waɗanda ke haɗari ta nemo musu mai gyara. Aikinta ya faɗaɗa har unguwannin baƙaƙe da ƙananan gidajen katako da ƙungiyoyin lambu ba su taɓa kallo ba.

Dokar ma tana da iyaka. Gidan Arlington, na kusan 1819, yana cikin rukuni mafi daraja na wuraren tarihin ƙasa. Gobara ta cinye samansa a Satumban 2002. Gidauniya ta yi masa sabon rufi, mai shi da ke zaune a wani wuri bai ci gaba da gyara ba, ɓarayi da 'yan ta'adi suka fasa tagogi suka kwashe abin da wuta ta bari. Gari ya kai shi kotu kan barin gini ya lalace da gangan, aka ci shi tara. Tarar ba ta mayar da taga ko ɗaya ba.

Yahudawan garin sun bi wata hanya. Al'ummarsu, wadda ta faro a shekarun 1840, ta kai ɗaruruwa lokacin da suke riƙe da kantunan auduga, suka gina majami'a mai kubba a 1905. Da suka ga 'ya'yansu duk sun koma birane, saura tsofaffi 'yan ƙalilan, sai tun a farkon shekarun 1990 suka yi yarjejeniya da wata cibiyar tarihin Yahudawan kudu ta gaji ginin. Sun rubuta wasiyyar gini tun suna da ƙarfin sa hannu, abin da yawancin masu manyan gidajen ba su yi ba.

Abin da ke sauya bakin masu jagora yanzu, in za a faɗi gaskiya, har da kasuwa. Tsofaffin da ke zuwa don ganin buje da ginshiƙi suna ƙarewa. Baƙin da jiragen yawon kogi ke saukewa a ƙarƙashin tudu, da Turawan da ke bin hanyar kiɗan baƙaƙe daga Memphis zuwa New Orleans, suna tambaya: ina bayin suke kwana, su nawa ne, me ya same su bayan yaƙi? Gidan da ba shi da amsa yana rasa baƙi. An cire sunan 'yan tawaye daga wasan dare, an shigar da maganar bauta a ciki, wasu tsofaffin mambobi suka yi fushi, wasu baƙaƙen gari suka ce kwalliya ce kawai. A Dunleith, gidan da ginshiƙai suka zagaye shi ta ko'ina, yanzu akan ambaci John R. Lynch, yaron da ya yi bauta a gidan ya zo ya zama ɗan majalisar wakilan Amurka.

A 2017 majalisa ta ba hukumar tarayya izinin mallakar filin Mararraba. Ranar 18 ga Yuni, 2021, kwana ɗaya bayan an sa hannu a dokar da ta mayar da ranar tunawa da 'yanta bayi hutun ƙasa, hukumar garin Natchez ta miƙa mata kusan eka uku. Boxley na wurin, shekara 26 bayan dawowarsa gida. Mafi yawan filin tsohuwar kasuwar yana hannun masu shaguna da masu fulotai, kuma hukumar ba ta ƙwace, sai wanda ya yarda ya sayar ko ya bayar, fuloti bayan fuloti. Ko an gama saye, babu bangon da za a gyara, babu ƙofar da za a buɗe wa baƙo, tunda katakon ya tafi sansanin soja tun 1863. Abin da ke wurin shi ne ciyawa, da alluna, da sarƙoƙin nan da ke leƙowa daga siminti, motoci na wucewa ta gefe biyu.